Neman Shawara: In Sa a Rubuta wa Kamfanina Manhaja ta Musamman, ko In Ɗauki Wadda ke Kasuwa?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ina da ƙaramin kamfanin kwangilar gine-gine, kuma a halin yanzu ayyuka huɗu ne ke hannunmu a wurare daban-daban. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: lissafinmu ya soma fin ƙarfinmu. Mai kula da sito yana rubuta shiga da fitar siminti da rodi a littafi, foman yana turo yawan leburorin da suka yi aiki ta WhatsApp, akanta kuma yana haɗa komai a Excel a ƙarshen wata, amma da wuya lissafin mutum ukun nan ya zo daidai. Sau biyu a bana muka sayi rodin da daga baya aka gano muna da shi a ajiye a wani wurin aikin, sau ɗaya kuma muka yi sakaci da neman kuɗin ƙarin aikin da mai gini ya sa aka yi, har lokacin da kwangila ta ɗiba ya wuce.

Wani matashi mai rubuta manhaja, wanda na yaba da hankalinsa, ya ce zai rubuta mana tamu cikin wata huɗu, wadda za ta haɗa sito, albashi, sayayya da lissafin kowane aiki, kuma sau ɗaya zan biya, babu kuɗin wata-wata ko na shekara-shekara irin na manhajojin kwangila da ke kasuwa kamar Procore ko Buildertrend. Maganar ta kwanta mini, domin na duba waɗanda ke kasuwa na ga sun cika abubuwan da ba ma bukata. Amfanin abin ya riga ya zayyana mini. Illolinsa nake roƙon ku faɗa mini kafin in sa hannu.

Wani dattijon ɗan kwangila:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na bi wannan hanya, kuma zan faɗa maka abin da na tarar ba tare da na zargi kowa ba, domin yaron da ya yi mana aikin mutumin kirki ne. Ya ce wata shida, aka yi wata goma sha huɗu. Rabin jinkirin laifinmu ne, saboda duk ranar da ya nuna mana abin da ya yi sai wani a cikinmu ya tuna da abin da ba a faɗa masa ba tun farko, kamar yadda ake mayar da ragowar kaya daga wani aiki zuwa wani, ko yadda ake cire bashin da lebura ya ci daga kuɗinsa na mako. Mu da muke cajin mai gini idan ya canza zane bayan an zuba harsashi, mu ne muka riƙa canza wa yaron nan zane kullum, muna kuma mamakin da ya nemi ƙari.

Amma ba wannan ne ya fi yi mini ciwo ba. Manhajar ta yi aiki kusan shekara biyu, sai ya samu aiki a wata ƙasa ya tafi. Ranar da ta tsaya, ana gobe biyan ma'aikata, babu wanda ya san inda zai taɓa. Na nemo wani ya duba, ya ce in ba shi asalin rubutun manhajar, wanda su ke kira sos kod, sai a ranar na fahimci ba ni da shi. Abin da ke hannuna ginin da aka gama ne ba tare da zanensa ba, ba a san inda bututu ya bi ba, ba a san inda waya ta ratsa ba. Ko bayan da aka samo rubutun, na biyun ya ce gyaran aikin wani ya fi masa wuya a kan ya sake sabo, domin babu wani bayani da aka rubuta na yadda aka tsara shi. Bayanan shekara biyu sai da muka sa yara suka kwafe su da hannu. Ka tambayi kanka tun yanzu: idan matashin nan ya yi rashin lafiya na wata guda, wa zai riƙe maka kamfani?

Wata injiniyar manhaja:

Yallabai, sana'ata ke nan, saboda haka ba hana ɗan'uwana ciniki nake so in yi ba, amma kalmar "sau ɗaya za ka biya" ba gaskiya ba ce, ko da shi da ya faɗa ya yi imani da ita. A gini akwai ranar miƙa makulli, sai lokacin gyaran lahani ya biyo baya, daga nan ɗan kwangila ya tafi abinsa, ginin kuma ya tsaya shekaru. Manhaja ba ta da irin wannan ranar, domin ƙasar da take tsaye a kai kullum motsi take yi. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a watan Janairun 2020, ya yi ritayar Internet Explorer a watan Yunin 2022, ya kuma sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10. Kamfanoni da yawa da aka rubuta musu manhaja a kan waɗannan sun wayi gari ko dai su biya a sake musu aiki, ko su ci gaba da amfani da kwamfutar da ba ta samun kariya. A ɓangaren waya ma haka ne: Google na bukatar manhajojin da ke Play Store su riƙa bin sababbin nau'o'in Android, wadda aka bari ba a sabunta ba kuwa takan daina bayyana ga masu sababbin wayoyi.

Sai batun tsaro, wanda ya fi damuna tunda za ka zuba albashi, lambobin asusun ma'aikata da farashin da kake sawa a takardun neman kwangila. Babu mai rubuta manhaja daga tushe shi kaɗai. Kowa yana ɗora aikinsa ne a kan ƙananan sassa da wasu suka rubuta. A watan Disambar 2021 aka gano ɓaraka a ɗaya daga cikin irin waɗannan sassa mai suna Log4j, manyan kamfanoni suka sa ma'aikatansu kwana a ofis suna toshewa. Mai manhajar kasuwa da ke aiki ta intanet, galibi an toshe masa ba tare da ya ma sani ba. Mai manhaja ta musamman kuwa, sai in wanda ya rubuta masa yana nan, ya ji labari, kuma akwai yarjejeniyar da ta ɗora masa gyaran.

Akwai kuma abin da mutane ba sa lura da shi. Manhajar da dubban kamfanoni ke amfani da ita, wasu sun riga ka cin karo da kurakuranta an gyara. Taka kuwa, kai ne za ka fara gano kowane kuskure, kuma da kuɗinka na gaske za ka gano shi. Wata huɗu ga mutum ɗaya ya haɗa sito, albashi, sayayya da lissafi, ni dai ban ga yadda zai yiwu ba, sai dai a samu abin da ke da kyan gani a allo amma bai jure aiki ba.

Wani akanta:

Ranka ya daɗe, ina so in ƙara a kan ɓangaren lissafi kawai. Lissafin kwangila ba irin na saye da sayarwa ba ne, kuma matashin da bai taɓa zama a ofishin ɗan kwangila ba zai ɗauka kuɗi ya shigo, kuɗi ya fita, shi ke nan. Akwai kuɗin riƙo da mai gini ke cirewa daga kowane biya, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin 100, wanda a kwangilolin FIDIC, wato tsarin takardun kwangila na ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, ake sakin rabinsa idan an karɓi aiki, ragowar kuma bayan lokacin gyaran lahani ya ƙare. Akwai kuɗin somin aiki da ake cirewa kaɗan-kaɗan, akwai ƙarin aiki, akwai riƙon da kai ma kake yi wa ƙananan 'yan kwangilarka, ga haraji da dokarsa ke canzawa. Duk wanda aka manta a cikin waɗannan, manhajar za ta nuna maka ribar da ba ka da ita, kuma za ka yarda da ita saboda daga kwamfuta ta fito.

Abu na biyu shi ne sawun gyara. Manhajar lissafi ta ƙwarai tana ajiye sunan wanda ya canza lamba, da ranar da ya canza, da abin da ke wurin kafin ya taɓa. Ƙananan manhajojin da ake rubuta wa mutum sau da yawa ba su da wannan, sai ka ga mai sito yana iya goge buhu hamsin ba tare da wata alama ba. Littafin takarda ma ya fi wannan, domin ana ganin inda aka kankare.

Game da kuɗin ƙarin aikin da ya wuce ka, a tsarin FIDIC kwana 28 ɗan kwangila ke da su ya ba da sanarwar neman haƙƙinsa. Abin da ya hana ka ba rashin manhaja ba ne, rashin wanda aka ɗora wa alhakin rubuta wasiƙar ne.

Wani injiniyan gine-gine:

Ina girmama maganar magabatana, amma kada a rufe ƙofar gaba ɗaya. Mu mun sa an rubuta mana, kuma ba mu yi nadama ba, sai dai abu guda tak muka nema: ƙaramar manhajar waya da direba da mai sito ke amfani da ita wajen tabbatar da kayan da aka sauke, da hoto da lokaci. Lissafi mun bar shi a QuickBooks, jadawalin aiki a Microsoft Project. Ko yau ta mutu, takarda za mu koma na ɗan lokaci, kamfani ba zai tsaya ba. Kuma tsakanin manhaja mai tsada da wadda za a rubuta daga farko akwai hanya ta uku, wato irin su Odoo da ERPNext, waɗanda rubutunsu a buɗe yake, suna da sito, sayayya da lissafi a shirye, kuma masu iya gyara su suna da yawa. Matashin naka zai iya daidaita ɗaya daga cikinsu da aikinka, in ya tafi wani ya ɗora.

Wani foman:

Yallabai, a taimaka a tuna da mu da ke fili. Yawancin wuraren aiki intanet ba ta da ƙarfi, hannu da ƙura, rana tana dukan allo. Idan manhajar ba ta karɓar bayani sai da intanet, ko sai an cika gurbi goma kafin a rubuta tifa ɗaya ta yashi, wallahi cikin mako biyu za mu koma littafi, mu riƙa cika ta da daddare da abin da muka tuna. Kuma sa manhaja ta riƙa aiki babu intanet, daga baya ta haɗa bayanan wayoyi da yawa ba tare da sun ci karo ba, an gaya mini yana daga cikin mafi wuyar aikin.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Maganar Malam akanta ta taɓa ni, domin gaskiya ne ban taɓa ɗora wa kowa alhakin wasiƙun nan ba, kuma gobe zan yi. Na janye batun manhajar da za ta haɗa komai. Sai dai na riga na yi wa matashin alkawarin aiki, ba na so in saɓa, don haka ina tunanin ba shi ɓangaren sito kaɗai kamar yadda Injiniya ya yi. Hajiya, me ya kamata in sa a takardar yarjejeniya?

Injiniyar manhaja:

Yallabai, abu na farko, a rubuta ƙarara cewa haƙƙin mallakar rubutun manhajar naka ne, domin a dokokin ƙasashe irin su Amurka da Ingila, wanda ya rubuta ne mai shi idan ba ma'aikacinka ba ne, sai in an miƙa maka a rubuce. Lauyanka zai duba yadda dokar ƙasarka ta ce. A ajiye rubutun a asusun kamfaninka na GitHub, shafin intanet da ake adana rubutun manhaja, tun daga ranar farko, ba ranar da aka gama ba, haka ma asusun saba, wato kwamfutar intanet da za a ɗora ta a kai, da duk kalmomin sirri su kasance da sunan kamfani. Ka raba biyan kashi-kashi, kada a saki kowane kashi sai mai sito da foman sun yi aiki da abin a fili, ka kuma riƙe wani kaso na wasu watanni kamar yadda ake riƙe maka. A sa maɓallin da zai fitar da dukkan bayananka zuwa Excel duk lokacin da ka so, a kuma riƙa ajiye kwafinsu kullum a wani wuri dabam, kana gwada dawo da su lokaci-lokaci. Kuɗin kulawa na shekara a yanke shi tun yanzu, tare da adadin sa'o'in da zai ɗauka kafin ya amsa idan ta tsaya. Kafin ka biya kashin ƙarshe, ka ɗauko wani mai rubuta manhaja da bai san shi ba, ka ba shi rubutun da bayanin da aka haɗa, ka ga ko zai iya tayar da ita a wata kwamfutar ba tare da ya buga wa matashin waya ba. Kuma littafin sito kada a ɗauke shi sai an yi wata uku lissafinsa da na manhajar suna zuwa daidai.