Me za mu kira "tangy sauce" da Hausa?

Jiya da yamma ƙanwata ta turo min bidiyon girkin Turawa: an soya kifi sama-sama, an narka bota a kaskon, an matse lemon tsami, an kwarara a kai. Sunan girkin wai "white fish with tangy sauce". Ta ce, "Yaya, in Inna ta tambaye ni me na dafa, me zan ce mata?" Na yi shiru. Shi ya sa na kawo maganar nan.

Na kifin bai ba ni wuya ba. "Farin kifi" ba zai yi ba, don mai kifi fata zai duba. Turawa kuwa tsoka suke nufi, fara marar maiƙo, irin ta karfasa da giwan ruwa da fanla. Titus da sardin ba sa ciki. A ce "kifi mai farar tsoka", an wuce wurin.

Da na tambayi mutane, a kan "tangy" aka ja daga. Wata ta ce tsami ne kawai. A'a. Tsami zalla shi ne na ɗanyar tsamiya, wanda ke kashe haƙori har ka runtse ido. Wannan kuwa ɗan taɓa harshe yake yi, ya tsinka yawu, ya wuce. Wani ya kawo "yami", amma ni in na ji yami, kunun da ya kwana nake tunawa. Wa zai yi wa maigida albishir da kifi mai yami? Wanda ya ce "tsamin kifi" kuwa, Allah ya yafe masa, ai wannan kifin zubarwa ake yi.

Ashe kalmar tana bakinmu: tsami-tsami. Haka muke cewa ga miyar yakuwa da ta yi daidai, ko kindirmo mai kyau. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce, da lemon tsami iyayenmu ke wanke kifi don ya kashe ƙarni. Sai dai a wannan girkin bayan an sauke ake matsawa, in ya daɗe a wuta ƙamshin guduwa yake yi.

Saura "sauce". Miya ta yi yawa, ita da malmalar tuwo take tafiya, wannan kuwa cokali uku ya ishi yanka guda. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram sun ce su "sos" suke cewa, ta Faransanci ta shigo musu. Ban ƙi ba, amma Inna ba za ta gane ba. "Mahaɗi" kuma har yaji da mai mahaɗi ne.

Ni dai na tsaya kan "romon tsami-tsami". Na san masu farfesu za su ce romo shansa ake yi, wannan kuwa dangwala ce. Da gaskiyarsu. Duk mai kalmar da ta fi romo kauri amma ba ta kai miya ba, ya ajiye min a ƙasa, don yau bayan magariba ƙanwar tawa za ta ɗora kaskon.