Kamfanin wutarmu ya rushe, sabon kuma na matsa mana mu ƙulle farashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana.

Ni da maigida da yara uku muna Coventry ta Ingila, a gidan haya. Shi yana karatu, ni ina aikin kula da tsofaffi. Da can wani ƙaramin kamfani ne ke ba mu gas da lantarki, arha ce ta kai mu wurinsa, sai ga shi a watan Satumba na 2021 ya rufe. Ranar da na ji har kyandir na sayo, don sabon da muka yi da NEPA bai sake ni ba. Wuta dai ba a ɗauke ba, an tura mu wani babban kamfani ne ba tare da an tambaye mu ba.

Damuwata biyu. Lokacin zafi ba ma kunna hita, amma duk wata ana cirar kuɗi daga asusunmu, har muka tara rarar fam 240 a wurin tsohon kamfanin. Yau, a Fabrairun 2022, wata biyar ke nan, shiru kake ji. Ga kuma sabon ya turo tayi: mu ƙulle farashi na shekara ɗaya a kan fam 260 duk wata, alhali yanzu 130 muke biya, wai tayin zai ƙare ranar Juma'a. Maigida ya ce mu sa hannu mu huta, tunda kowa na cewa Afrilu za a sha mamaki. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, ga azumi na tafe, ga kuɗin makarantarsa. Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Baban Sadiq, Leeds:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kada Juma'ar nan ta ruɗe ki, dabarar 'yan kasuwa ce. Duk wanda kamfaninsa ya rushe, Ofgem, hukumar da ke kula da kamfanonin gas da lantarki, ita ce ke zaɓa masa sabo, kuma tsarin da ake ɗora shi a kai yana ƙarƙashin iyakar farashin da hukumar ke yankewa. Wato yanzu kina cikin inuwa, tayin nan fitar da ke rana zai yi.

Ga lissafin. Tun 1 ga Oktoba 2021 iyakar tana kan fam 1,277 a shekara ga matsakaicin gida. Ranar 3 ga wannan wata na Fabrairu aka sanar cewa daga 1 ga Afrilu 2022 za ta koma 1,971, ƙarin kashi 54 cikin ɗari. Ɗora wannan a kan 130 ɗinki, kin ga wajen 200. Su kuma 260 suke nema, kuma tun yanzu za ki fara biya, cikin sanyin da hita ba ta hutawa.

Amma ki lura, 1,971 ba ita ce ƙarshen abin da za a iya cajin ki ba. Mutanenmu da yawa nan suke faɗawa rami. Farashin yunit aka kayyade, wanda ya sha da yawa ya biya da yawa. Saboda haka ki manta da kuɗin wata da suka rubuta da manyan baƙaƙe, ki gangara ƙasa ki nemo kuɗin yunit. Daga Afrilu lantarki zai kai wajen kwabo 28, gas wajen kwabo 7, sai kuɗin da ake caji kullum ko an kunna ko ba a kunna ba, wajen kwabo 45 na lantarki da 27 na gas. Ki jera su da na tayin ki gani.

Maman Zahra, Bradford:
Ƙanwata, kuɗinki ba su nutse ba. Doka ta kare rarar masu amfani da wuta a gidaje, sabon kamfanin ne zai biya ki ko ya zuba a asusunki na wurinsu. Nawa sai da na yi ta bi kamar mai bin bashin dashi. Abin da ke riƙe su shi ne sai masu kula da gawar tsohon kamfanin sun fitar da bil na ƙarshe. Kin ɗauki hoton mita ranar da ya rufe? In akwai, kin gama da su. In babu, nemo bil ɗin ƙarshe a imel da takardar banki mai nuna abin da aka cira.

Ki daina kira kawai, ki rubuta musu, ki sa a sama cewa ƙorafi ne. Daga ranar agogo ke fara tafiya: sati takwas ba su warware ba, kina da damar kai su gaban Energy Ombudsman, mai raba gardama tsakanin kamfanonin wuta da kwastomomi, kuma kyauta ne. Citizens Advice, ƙungiyar ba jama'a shawara, ma suna taimakawa ba ko kwabo. Sai dai ki shirya zuciyarki, kwanakin Satumba da ba a caje ki ba za a zare su daga ciki.

Alhaji na Landan:
Baban Sadiq, lissafinka daidai ne amma ya tsaya a Afrilu. Iyakar nan, zuwa wannan Fabrairu na 2022, duk wata shida ake sake ta, kuma farashin gas na sari ake bi. Shi ne ma ya kashe ƙananan kamfanonin: sun sayar wa mutane da arha, ba su sayi gas ɗin sun ajiye tun da wuri ba, kasuwa ta tashi, iyaka ta hana su ƙarawa. Avro ta tafi da mutum 580,000, Bulb mai fiye da miliyan ɗaya da rabi sai da gwamnati ta tallafe ta a Nuwamba. Yanzu ga sojojin Rasha jibge a bakin iyakar Yukiren, abin da zai iya ƙara tada farashin gas. Oktoba za a sake yanka sabon farashi, daidai shigowar sanyi. Wanda ya ƙulle zai yi kuka yanzu, wataƙila ya yi dariya a Disamba. Ni na ƙulle na shekara biyu tun bara kafin abin ya ɓaci, ba wayo ba ne, dace ne.

Baban Sadiq, Leeds:
Allah ya ƙara girma, Alhaji, ban musa ba. Amma naka na zamanin arha ne. Ita za ta biya ƙari tabbas na wata bakwai da ɗoriya, don gudun abin da ba wanda ya san girmansa. Sai Oktoba ta yi tsalle mai tsanani kafin ta mayar da abin da ta zubar. Mai ajiya zai iya wannan caca, ɗalibi mai iyali fa?

Alhaji na Landan:
To ta duba tarar fita, wato abin da za ta biya in ta fasa ƙullin kafin shekarar ta cika. In babu tara ko kaɗan ce, ƙofar a buɗe take. In mai nauyi ce, na janye.

Ummi, Manchester:
Aunty ni dai abu biyu. Ranar 31 ga Maris ki ɗauki hoton mita duka biyu ki tura musu, don kada su yi kintace su caje ki wutar Maris da farashin Afrilu. Da safe za ki yi, ranar kowa zai rufar musu. Sannan fam 150 da Rishi Sunak, ministan kuɗi a Fabrairun 2022, ya sanar ta harajin kansul, wato na ƙaramar hukuma, na gidajen rukunin A zuwa D ne a Ingila, a Afrilu za a bayar. In kuna biyan harajin kuma ana cira daga asusu kai tsaye, nan za su jefo miki. Fam 200 na ragin bil ɗin wuta a Oktoba kuwa, a yadda aka sanar a Fabrairun 2022, ba kyauta ba ne, za a riƙa karɓar 40 duk shekara har shekara biyar, ruwa dai babu.

Maman Zahra, Bradford:
Kuma don Allah kada a kashe hita gaba ɗaya saboda tsoron bil, ga yara. Gidajen nan da sun yi sanyi sai bango ya yi baƙin danshi, yaro ya kama tari, mai gida kuma ya ci kuɗin ajiyarku. Rage ta kaɗan, a rufe ƙofofi, a toshe ƙasan ƙofa da tsohon zane.

Mai tambaya (ta hannun Admin):
Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na gangara ƙasan takardar kamar yadda Baban Sadiq ya ce: lantarki kwabo 36, gas kwabo 10, tarar fita fam 75 a kan kowanne. Na nuna wa maigida amsar Alhaji ta ƙarshe, ya yi shiru, sannan ya ce a bar Juma'ar ta wuce. Hoton mita kuma ashe ya ɗauka, yana cikin tsohuwar wayarsa da yara ke wasa da ita, gilashin a fashe amma lambobin sun fito. Yau da dare zan rubuta ƙorafin. Maman Zahra, in na turo miki ta akwati za ki duba min Turancin?

Maman Zahra, Bradford:
Turo bayan isha'i, yanzu ina kan tukunya.