Maigida na fagen daga, baƙi sun cika gida: yaya ake tanadin cimaka?

Maman Nafisa, Tahoua:
Salamu alaikum. Maigida soja ne, yana bakin aiki, ga dangi sun sauko mana daga wajen Tillia. Da mu bakwai ne, yanzu goma sha biyu. Hatsi nawa ya kamata in aje, kuma yaya zan hana shi lalacewa?

Alhaji mai hatsi:
Wa alaikumus salam, ƴata. Fara da lissafi. Buhun kilo 100 tiya 40 ne. Gida mai mutum 12, in akwai yara a ciki, zai ci tiya biyu zuwa biyu da rabi a wuni, fura da tuwo. Ke nan buhu guda da ƙyar ya kai kwana 20, wata uku kuwa buhu biyar. Ki saya da kaka, Oktoba zuwa Disamba, kada ki jira bazara. Kowa ya ga abin da ya faru a 2023 da aka rufe iyakokin Nijar da Najeriya da Benin: mai kuɗi a hannu ma sai da ya sha wuya.

Kafin ki biya, tauna ƙwara guda. In ta fashe ƙaras, ya bushe. In ta lotse, da sauran danshi, zai yi fumfuna. Ki ɗora buhunan bisa katako, kada su jingina da bango, saboda gara. Kada ki kai niƙa da yawa: garin hatsi na da mai, kwana kaɗan yake ɗaci.

Inna Hajo:
Wake ya fi hatsi rigima, don tun daga gona yake zuwa da ƙwai na ƙwari. Nemi buhun PICS mai riɓi uku. Ki matse iska, ki ɗaure ledar ciki ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Rashin iska ke kashe ƙwarin, shi ya sa huda guda ta ɓera ko yawan buɗewa ke ɓata aikin duka. Na cin yau da gobe ki zuba a bido busasshe, ki cika har wuya, ki toshe.

Ƙwayar Phostoxin kuwa, wadda ake sa wa hatsi don kashe ƙwari, ki rufa wa kanki asiri. Hayaƙinta na kisa, ba a sa ta a ɗakin da ake kwana.

Malam Illa, Yamai:
Alhaji, an manta ruwa. Bido mai tsabta na lita 20, ƙwayar Aquatabs (maganin tsabtace ruwan sha) guda irin ta lita 20, a jira minti 30. In ruwan na da laka, a tace da ƙyalle tukuna, in ba haka ba maganin ba ya ci.

Sannan ƙanwata, ki ja kunnen yara: kada wanda ya sa hoton maigida ko sunan inda yake a WhatsApp. Katin ɗan ƙasa da takardun haihuwar baƙinki kuma a haɗa su leda guda, za a tambaye su a shingen hanya da wajen sa yara lakkol.

Maman Nafisa:
Na gode, Allah ya saka. Inna, bidon da aka taɓa zuba mai a ciki zai yi?

Inna Hajo:
Na man girki zai yi, in an wanke ya kwana biyu a rana. Na fetur ko gazuwal, a'a.