Shin fasahar hana girgiza ta binne tsohuwar ƙa'ida?

Sabon Shiga: Jama'a, ni fa a ganina ƙa'idar nan ta zama tarihi. Wai in gilashin kyamararka milimita 200 ne kuma da hannu kake riƙe, kada saurin shata, wato lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, ya gaza 1/200 na daƙiƙa. Yanzu Canon na da fasahar hana girgiza mai suna IS, Nikon na da tata mai suna VR, wa ke wannan lissafi?

Tsohon Hannu: A hankali, ƙanena. Tun 1995 Canon ta fitar da gilashin 75-300 mai IS, kuma ƙa'idar na nan daram. Rangwame kawai fasahar ke yi maka. Kowane matakin rangwamen yana ninka lokacin buɗewar shata sau biyu. In ta ba ka huɗu, 1/200 ta sauka kusan 1/13. To daga ina za ka fara ƙirga matakan in ba ka san 200 ɗin ba?

Sabon Shiga: Ai ni ka goya wa baya, Yaya. 1/13 fa!

Anti Mai Hoton Yara: Rawar hannunka kaɗai take gyarawa, ba ruwanta da motsin wanda kake ɗauka. Gwada yaro yana tsalle a 1/13: bango tar, kujera tar, fuskar kuwa ta narke. Ni in yara na guje-guje ba na sauka ƙasa da 1/500. Gara in ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, hoto ya yi yashi-yashi, wannan kam kwamfuta na rage shi. Wanda ya yi dishi-dishi sai dai gogewa.

Mai Tsuntsaye: Ni ma ban yarda da ƙa'idar ba, amma don ta yi sassauci. Ta zamanin fim ɗin milimita 35 ce. A kyamarar APS-C ta Nikon, mai na'urar kama haske da ba ta kai girman fim ɗin ba, sai ka ninka da 1.5, wato 200 ta koma 1/300. Ga yawan megafiksel, da ka zuƙo hoton ƙaramar rawa ta tona asiri.

Tsohon Hannu: Duk kun tsallake riƙo. Tafin hagu ƙarƙashin gilashi, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, kyamara jingine da gira. Mai miƙa hannuwa yana kallon allo, VR ba za ta cece shi ba. Ka fitar da numfashi, ka danna a hankali, kada ka soka maɓallin.

Anti Mai Hoton Yara: Malam, da yara wa ke da lokacin jiran numfashi? Hotuna uku ko huɗu nake sakewa a jere, sau da yawa na tsakiya ne ke fita.

Sabon Shiga: Na yara na ji, Anti. Amma gini da dare ba ya tsalle, a nan kam ina kan bakana.