Wasiyya ta intanet tana aiki a nan Kamaru, ko dole sai an je wajen noter?

Baban Hafsatu (Garwa):

Assalamu alaikum jama'a, akwai abin da ya kwana biyu yana cin raina nake so masu sani su taimaka min. Ƙanena da ke zaune a Ingila ya kira ni satin da ya wuce muna cikin hira sai yake ce min shi fa ya riga ya rubuta wasiyyarsa, wai a intanet ya yi, ya shiga wani shafi suka jero masa tambayoyi ya amsa, ya biya kuɗi kaɗan da katin banki suka turo masa takarda, ko ƙofar lauya bai taka ba don lauyoyin can akwai tsada. To ni tun rasuwar maƙwabcina na kasuwa cikin azumin bara hankalina bai kwanta ba, mutumin nan lafiya ƙalau muka rabu da la'asar, da asuba aka ce ya cika, kuma har yau shagonsa a kulle yake kaya suna lalacewa a ciki saboda 'ya'yansa ba sa ga maciji da juna.

Ni mata biyu gare ni, 'ya'ya bakwai, uku maza huɗu mata. Gida ɗaya mai titir fonsiye, wato takardar mallaka ta gwamnati, fili ɗaya a hanyar Pitowa wanda takardar jawro, wato mai unguwa, ce kawai a kansa, sai shago da 'yan shanu a hannun wani Bafulatani da muka daɗe tare. Amma wanda ya fi tsaya min a rai ɗan yayana marigayi ne, tun yana shekara 4 yake hannuna, yanzu shi ke riƙe da shagon, shi ya san kaya shi ya san masu bashi, na san ba ya gadona tunda ina da 'ya'ya maza amma wallahi ba na so ranar da na kau a ce masa naɗe tabarmarka. Na sa an tambayo min kuɗin noter, mai rubuta wa mutane takardun doka da izinin gwamnati, abin da aka faɗa min ya sa na ja da baya. Shin in na yi irin ta ƙanena a waya na buga a shagon intanet na sa hannu za ta yi aiki a nan? kuma a addinance ya abin yake?

Tsohon Girefiye (Marwa):

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya saka maka da wannan tunani, da yawa ba sa yinsa sai an kwanta. Na yi shekaru ina aikin girefiye, wato magatakardan kotu, kafin in yi ritaya, don haka bari in gaya maka kai tsaye, kar ka yi. Takardar da kwamfuta ta buga ka sa hannu a ƙasa, a wajenmu nan ɓangaren Faransanci ba wasiyya ba ce, ko da mutum goma sun sa hannu tare da kai. Dokar da kotunanmu ke bi tsohuwar dokar farar hula ce ta Faransa wadda muka gada, kuma sashi na 970 ya ce wasiyyar da mutum ya yi da kansa sai ya rubuta ta tun daga farko har ƙarshe da hannunsa, ya sa kwanan wata, ya sa hannu. Abu uku ke nan, in ɗaya ya faɗi duka sun faɗi. Na ga takardu masu kyau da tambari da komai an ajiye su gefe don kawai da inji aka buga su, na kuma ga 'yar takardar kaye, wato littafin rubutu, da aka rubuta da biro ta tsaya da ƙafarta.

Abin daɗin shi ne wannan hanyar ko dala ba za ka biya ba, ta fi ta intanet ɗin araha ma. Kuma ba dole da Faransanci ba, ka rubuta da harshen da kake ji, Hausa da boko ko da ajami, in buƙata ta taso za a fassara. Sai dai ka fayyace komai, cikakken sunan yaron da na mahaifinsa, lambar titir ɗin gidan, inda filin yake da sunayen maƙwabtansa, kar ka ce "filina na hanya" kawai don nan rigima ke farawa. In rubutunka ba ya fita sosai ko ba ka iya ba, kar ka bari wani ya rubuta maka ka sa hannu, wannan ta lalace, a nan ne noter ya zama dole, kai ka faɗa shi ya rubuta a gaban shaidu. Ko wanda ya rubuta da hannunsa ma yana iya kai wa noter ajiya, don babbar matsalar irin wannan takarda wanda ya fara buɗe akwati ne, in abin da ke ciki bai yi masa daɗi ba sai ta ɓace.

Wani abu kuma da mutanenmu ba su cika sani ba. Yawanci gadonmu a gida ake rabawa ko a fadar lamido wajen alƙali bisa shari'a, amma banki da masu fansho da ofishin filaye ba sa sakin komai sai an kawo hukuncin gado daga kotu, wanda ake ce wa jujman deredite, kafin nan sai dangi sun zauna an rubuta abin da suka yarda a kai. Kotun gargajiya tana aiki ne in kowa ya amince da ita, in magaji ɗaya ya ce shi bai yarda ba magana ta koma babbar kotu, can kuwa rabon namiji da mace daidai ne, kuma mai 'ya'ya uku ko fiye rubu'in dukiyarsa kawai yake da ikon bayarwa ga wani. Shi ya sa nake ba mutane shawara in za su yi wa wani wasiyya su tsaya a rubu'i ko ƙasa, sai ya zama ta kowace ƙofa aka bi ba mai rushe ta.

Sani Mai Taya:

Ni dai a ganina duk wannan ba sai an yi ba, Allah ya riga ya raba gado a cikin Alƙur'ani, me za ka ƙara a kai? kuma gaskiya ni abin tsoro yake ba ni, mutum da ransa da lafiyarsa ya zauna yana rubuta mutuwarsa.

Malam Na Tsangaya (Ngaundare):

Malam Sani, tsoron nan kowa yana da shi, amma rubutu ba ya matso da ajali ko da taƙi ɗaya. Ayoyin gadon da kake magana a suratun Nisa'i, 11 da 12, su da kansu suna maimaita cewa rabo sai bayan an fitar da wasiyya da bashi, ka ga wasiyya a cikin tsarin take ba ƙari ba ne. Kuma ya tabbata a hadisin Ibn Umar cewa bai kamata Musulmi mai abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba face wasiyyarsa na rubuce a wajensa.

Alhaji, ƙa'ida biyu ka riƙe. Ba a wuce sulusi, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya gaya wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas lokacin da ya yi jinya a Makka ya nemi ya ba da kashi biyu cikin uku aka hana shi, ya ce rabi aka hana shi, sai aka ce sulusi, sulusin ma da yawa. Ta biyu babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun amince. To a nan ne shafukan intanet ɗin nan ke da haɗari a gare mu, an gina su ne a kan al'adar da mutum zai ce gidana na matata ne, motata ta babban ɗana ce, kai kuma in ka bi tambayoyinsu a haka sai ka wayi gari ka rubuta abin da shari'a ba ta yarda da shi ba ba tare da ka sani ba. Matanka biyu tumuni za su raba a tsakaninsu, 'ya'ya su ɗauki saura namiji rabon mata biyu, wannan ba alƙalaminka ne zai taɓa shi ba. Amma ɗan yayanka tunda 'ya'yanka maza sun kare shi ba magaji ba ne, don haka wasiyya gare shi halal ce, irinsa ma aka fi so a tuna da su, maraya ne kuma jininka ne.

Sai dai ka duba, in shagon nan ƙimarsa ta fi sulusi wasiyya ba za ta ba shi duka ba. In kana so ya mallake shi to ka ba shi kyauta yanzu kana da lafiya, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kyauta sai an karɓe ta, wato ya zama ya fita daga hannunka ya koma nasa a gaban shaidu tun kana raye, in ka ce na ba ka da baki kawai ka ci gaba da juya abinka har ka rasu to ta koma cikin gado. Kyautar da aka yi a ciwon ajali ita ma hukuncin wasiyya take ɗauka. Kuma kar ka manta da shaidu adilai biyu ko da dokar gwamnati ba ta nema ba, don a gaban alƙalin fada su za a tambaya.

Hajiya Maman Zara (Injamena):

Alhaji ni ba ni da ilimin su Malam amma abin ya faru a gidanmu. Babanmu Allah ya jiƙansa yana fatauci tsakanin nan da Kusiri, da ciwo ya kama shi sai ya yi sautin murya a WhatsApp ya tura wa babban yayanmu, ya faɗi waɗanda yake bi da masu binsa da abin da yake so a ba wata gwaggonmu da ta riƙe shi yana ƙarami. Bayan sadakar bakwai aka kunna kowa ya ji muryarsa ana ta kuka, amma da aka zo rabo sai 'yan ɗaya ɗakin suka ce ai zafin ciwo ne, wasu suka ce ina aka san ba a yanke wani wuri ba tunda a wayar mutum ɗaya take, har wayar ta lalace ba a gama magana ba, gwaggon nan ta rasu ba ta ga ko sisi ba. Wannan abu har yau yana min ciwo.

Abin da zan ƙara maka, bashi Alhaji, ka rubuta bashi. Mu abin da ya fi wahalar da mu ke nan, mutane suka yi ta zuwa kowa ya ce yana bin Baba, ba mu da yadda za mu gane mai gaskiya, masu riƙe da kuɗinsa kuwa shiru kake ji. Shanun nan naka ma ka rubuta adadinsu da alamarsu, ka kai ɗaya daga cikin yaranka ruga su san juna da mai kiwon. Sannan kuɗin da ke cikin waya, irin su Orange Money da MTN na wajenku, a san da su a takarda don a iya nema ta hanyar da ta dace. Kuma don Allah ka zaunar da matanka biyu ka gaya musu da bakinka abin da ka yi niyya game da yaron, in suka ji daga gare ka daban ne da su ji daga takarda ranar da ba ka nan.

Ɗalibin Dang:

Baba ina karatun shari'a ne a jami'ar Ngaundare da ke Dang, bari in ɗan yi bayani kan abin da ƙaninka ya yi don kar a ga kamar yaudararsa aka yi. A Ingila dokarsu ta wasiyya tun ta 1837 ce, ba ta ce sai da hannu za a rubuta ba, bugun inji ya wadatar, sharaɗin shi ne mutum ya sa hannu a gaban shaidu biyu suna tare a lokaci guda su ma su sa nasu. Shafin intanet ɗin tsara maganar kawai yake yi, in bai buga ta a takarda ya kira shaidu ba to bai gama ba, ka tambaye shi ko ya yi. Kuma mai shaidar kar ya zama wanda aka ba wani abu a ciki ko matarsa ko mijinta, in ba haka ba rabonsa ya faɗi. A can kuma in mutum ya yi aure bayan ya rubuta, auren yakan rushe tsohuwar wasiyya sai ya sake. Nan gida ma a Bamenda da Buya tsarin Ingilan suke bi, shi ya sa za ka ji wani ɗan Kamaru ya ce shi ya buga tasa ba matsala, gaskiyarsa ce amma ba a Garwa ba. In ƙanin naka yana da gida ko fili a nan, ya nemi shawara daban a kansa, don ƙasa da gini dokar inda suke ce ke hukunta gadonsu.

Baban Hafsatu (Garwa):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, Hajiya Allah ya jiƙan Baba da gwaggo. Jiya bayan isha na sayi kaye sabo na fara da bashin kamar yadda kika ce, wallahi sai da na cika shafi uku, akwai waɗanda ni kaina na manta da su sai da yaron ya tuna min. Maganar shago na yanke shawara zan raba jarin in ba shi nasa yanzu a gaban limaminmu da mutum biyu na layinmu, filin Pitowa kuma shi zan sa masa a wasiyya don na san bai kai rubu'i ba. Uwargida na riga na gaya mata ta ce ai ɗanta ne ita ta raine shi, saura amarya ranar Juma'a in Allah ya kai mu. Na kira ƙanena ma, ashe takardar tana nan cikin wayarsa bai buga ba balle shaidu, ya ce zai yi ƙarshen mako. Baba Girefiye saura tambaya ɗaya, ajamina ya fi bokona fita, in na rubuta da ajami shaidun nan biyu da Malam ya ce a ƙasan takardar za su sa hannu ko a wata takarda daban, kar in je in ɓata ta?