Muhawara: Iskar da ta fito daga gidan ƙanƙara, guba ce ko ba guba ba ce?

Baban Nana: Assalamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan ina danne wannan magana saboda kunyar maƙwabtaka, amma yau na ga shirun ba zai fisshe mu ba. Daren Talata, wajen ƙarfe 2, muna kwance a tsakar gida saboda zafin bazara, sai wani wari irin na daɗaɗɗen fitsari, amma wanda ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba, ya tashe mu daga barci. Idanu suka shiga zubar da hawaye, maƙogwaro yana ƙuna kamar an watsa barkono, ƙaramar ɗiyata kuwa ta yi ta tari har ta yi amai. Da na leƙa waje sai na ga farin hayaƙi yana bin ƙasa daga wajen gidan ƙanƙarar da ke bayan layinmu. Da safe wani ma'aikacin wurin ya shaida mini cewa bututun amoniya, wato iskar da injin ke daskarar da ruwa da ita, ne ya tsage, kuma an riga an gyara. Har yau babu wanda ya tako ya ce mana sannu, balle a gaya mana abin da za mu yi in abin ya sake faruwa. Ina tambaya: daidai ne a ajiye tulunan guba a tsakiyar gidajen mutane, ba ƙararrawa, ba sanarwa?

Alhaji Laminu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ɗiyarmu lafiya. Amma Baban Nana, kalmar guba ta yi nauyi a bakin mutum kamarka. Guba abu ne da ake tanada domin a halaka rai, shi kuwa mai wannan wuri sana'a yake yi, kuma na san shi tun zamanin mahaifinsa. Amoniyar nan da ita ake yin takin ure da manomanmu ke zubawa a gero da masara kowace damina. In guba ce, ashe duk abin da muke ci daga Madarunfa zuwa Gidan Runji guba ne.

Malam Isufu: Alhaji ya taɓo wani abu da ya kamata a warware. A Hausa, guba ita ce wadda ake ci ko ake sha ta shiga ciki, dafi kuwa shi ne na maciji da kunama da wanda maharba ke shafa wa kibiya, wato mai shiga ta jini. Abin da aka shaƙa ta hanci bai faɗa cikin ɗaya daga biyun ba, don haka ni a ganina iska mai cutarwa ya kamata a ce.

Malama Zainabu: Malam, da girmamawa, mu da muke aikin jinya ba mu raba su haka. Duk abin da ya shiga jiki ya lalata shi, ko ta baki ko ta hanci ko ta fata, guba muke kiransa. Amoniya tana da tsananin son ruwa, shi ya sa take kama wurare masu danshi, wato ido da hanci da maƙogwaro da huhu, ta narke a cikinsu ta ƙona su kamar yadda ruwan toka mai ƙarfi ke cin hannu. Kashi 300 cikin miliyan na iskar ɗaki ya isa a lissafa shi haɗari ga rai nan take, kuma ma'aikacin da ke wuni a wurin bai kamata ya zauna cikin abin da ya wuce kashi 25 cikin miliyan ba. Abin da ya fi damuna shi ne huhu yana iya tara ruwa bayan sa'o'i da shaƙa, lokacin da iyaye suka ɗauka yaro ya warware. Baban Nana, in ba a kai yarinyar an duba ƙirjinta ba, don Allah a kai ta.

Malam Isufu: Yadda ma'aikatan lafiya ke amfani da kalma ba shi ne yadda Bahaushe ya gada ba. Ku kuna fassara ne daga Faransanci.

Malama Zainabu: Ban fassara daga ko'ina ba, Malam. Kakata ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki guba take ce masa.

Habu: Ni dai ina bayan Yaya Baban Nana ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin guba ma ta yi kaɗan, bam ya kamata a ce. Kowa ya ga abin da amoniya ta yi a tashar jiragen ruwa ta Beirut a 2020, inda ta kashe mutum fiye da 200. Amma da yake mai wurin yana da kuɗi, sai ga manya suna yi mana darasin Hausa.

Sani mai gyaran injin sanyi: Habu ƙanena, ka gyara wannan. Abin da ya fashe a Beirut ranar 4 ga Agusta 2020 ba iskar amoniya ba ce, garin amoniyam nitarat ne, kimanin tan 2,750 da aka jibge a sito shekaru da dama. Sunan ne ya yi kama. In misali kake nema wanda ya dace da mu, ga na Dakar: ranar 24 ga Maris 1992 tankin motar amoniya ya fashe a masana'antar man gyaɗa ta SONACOS, mutum 129 suka rasu, sama da dubu suka jikkata. Ana amfani da ita ne a can wajen kashe gubar ruɓewa da ke cikin tunkuzar gyaɗa, kuma abin da ya jawo masifar shi ne an cika tankin fiye da ƙimarsa. Ruwan amoniya yana kumbura in ya ji zafi, shi ya sa ba a cika tulu fam, sai an bar masa sarari a sama, kuma ba a barinsa a rana. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Shekarata goma sha wani abu a wannan sana'a, bari in faɗi abin da na sani. Amoniya tana tafasa tun a digiri 33 ƙasa da sifiri, to a cikin tulu matsi ne kawai ke riƙe ta a matsayin ruwa, kuma lita ɗaya in ta kuɓuce tana zama iska lita ɗari takwas da wani abu. A ƙa'ida ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi, amma in ta fito daga ruwa tana da sanyi ƙwarai, sai ta haɗu da danshi ta zama farin hazo mai bin ƙasa, wanda shi ne Baban Nana ya gani. Ba ta saurin kama wuta a fili, amma a rufaffen ɗakin inji, in ta kai kashi 15 zuwa 28 cikin ɗari, tartsatsin makunnin lantarki ko na walda ya isa ya tayar da ita. Kuskuren da na fi gani wajen yaranmu shi ne wanda ya saba da firji na gida yakan kawo bututun jan ƙarfe ko mahaɗin tagulla, alhali amoniya tana cin su. Baƙin ƙarfe ake sa mata.

Alhaji Laminu: To kun ji, ma'abucin sana'a da bakinsa ya ce ba ta saurin kama wuta, kuma ya ƙaryata zancen bam. Ban ji ya ce guba ba.

Sani mai gyaran injin sanyi: Alhaji, ban ce guba ba domin ban zo gardamar suna ba. Amma ba na shiga ɗakin inji mai yoyo sai da takunkumin fuska mai matatar amoniya, da safar hannu ta roba, da mutum tsaye a ƙofa yana kallona, in yoyon ya yi yawa kuma ko wannan takunkumin bai isa ba, sai mai tulun iska a baya.

Hajiya Rabi: Ni abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda Habu ya ce manya suna kare mai kuɗi. Wannan gidan ƙanƙara shi ke rufa wa mata da yawa asiri, masu lamurje da zoɓo da kunun aya, da masu kifi a kasuwa. Ranar da wuta ta ɗauke, ƙanƙarar dala ashirin ce ke hana jarinmu lalacewa. In aka rufe shi saboda kalma ɗaya, wa zai ciyar da marayun da nake riƙo? Kuma daren da abin ya faru ni na aika wa gidan Baban Nana madara aka ba yarinyar, ba wanda ya ambaci wannan.

Malama Zainabu: Hajiya, Allah ya saka da alheri, niyyarki mai kyau ce. Sai dai madara ciki take zuwa, amoniyar kuwa huhu ta shiga, kuma ɗura wa yaro mai tari da amai abin sha yana iya sa ya shaƙe. Abin yi shi ne a fitar da mutum zuwa iska mai kyau, a wanke ido da fata da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 ba tsayawa, a cire tufafin da suka kama warin, kada a shafa mai ko man kaɗanya, sannan a nufi asibiti.

Hajiya Rabi: Tun kafin a haife ki muke ba da madara, kuma ga yarinyar nan tana wasa.

Habu: Hajiya, ki yi haƙuri, amma ban ambaci sunan kowa ba. Wanda ya tsargu shi ya san dalili.

Alhaji Laminu: Yaro, ka iya bakinka. Mahaifinka ba zai yi mini magana haka ba.

Malam Mamman, mai kula da zaure: Jama'a, a dakata haka nan, zan taƙaita abin da aka tattauna. Na farko, masana Hausa sun nuna cewa kalmar guba ba ta dace da wannan wuri ba, kuma Alhaji ya tunatar da mu cewa da amoniya ake yin taki. Na biyu, an tabbatar cewa zancen Beirut kuskure ne, kuma iskar ba ta saurin kama wuta, don haka a daina tsorata jama'a. Na uku, gidan ƙanƙara yana da amfani ga masu ƙaramin jari, kamar yadda Hajiya ta bayyana. Shawarwarin Malama Zainabu na wanke ido suna da kyau, a riƙe su. Ina roƙon Habu ya ba Alhaji haƙuri, Baban Nana kuma ya janye kalmar, a bar dattawa su sasanta sauran.

Baban Nana: Malam Mamman, na janye kalmar in ita ce ta tsaya muku a rai, ku kira ta da sunan da kuka ga dama. Amma taƙaitawarka ta tsallake mutum 129 na Dakar, ta tsallake abin da Sani ya faɗa game da rufaffen ɗaki, kuma ban taɓa cewa a rufe wurin ba. Abin da nake nema shi ne a sa na'urar da ke jin yoyo ta yi ƙara, a fitar da tuluna daga rana, a ajiye famfon ruwa kusa da ɗakin inji, a kuma tara maƙwabta a gaya musu cewa in sun ji warin su rufe hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle, su ratsa gefe maimakon su bi inda iska ke kaɗawa, su kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Na kai Nana an duba ƙirjinta ɗazu da la'asar, an ce mu dawo jibi. Gobe bayan sallar asuba zan je wurin mai unguwa, kuma Sani ya yarda zai raka ni.