Cin abinci a babban gidan abincin Meksiko: me ake zaɓa, me ake kaucewa?

Baƙon Tebur:
Assalamu alaikum jama'a. An gayyace mu cin abincin dare a wani babban gidan abincin Meksiko, irin wanda sai an kama tebur tun kafin ranar. Mu huɗu ne. Na duba jerin abincinsu, sunayen duk Sifaniyanci ne: mole, aguachile, barbacoa, cochinita pibil da sauransu. Abu uku nake so in sani: wanne ne ke ɗauke da alade ko giya, yaya zafin barkonon yake, kuma nawa ya kamata mu yi oda don kada ya yi mana kaɗan ko mu yi ɓarna? Masana a taimaka.

Kukun Dare:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar alade ita ce ta farko, don a girkin Meksiko ba a naman kaɗai yake ba, har a kitse yake ɓoyewa.

Waɗanda naman alade ne tsantsa: cochinita pibil na yankin Yucatán, carnitas na Michoacán, tacos al pastor, chicharrón, sai chorizo. Al pastor ya fi yaudarar mutane, domin a jikin ƙarfe mai juyawa ake gasa shi kamar shawarma, kuma asalinsa ma daga baƙin Lebanon da suka zauna a Meksiko ne, amma naman da ake jerawa na alade ne. Chiles en nogada, wato barkonon poblano da aka cusa wa niƙaƙƙen nama aka zuba masa farar miya da 'ya'yan rumman, shi ma sau da yawa akwai alade a cikin naman.

Sai na ɓoye. Kitsen alade sunansa manteca, kuma a al'ada da shi ake soya dakakken wake da suke kira frijoles refritos, da shi ake kwaɓa tamales (ƙullun masara da ake turarawa a ganye), yana shiga tortilla (faifan burodi marar kauri) ta fulawa, wasu kuma da shi suke soya kayan haɗin miyar mole. To ka ga mutum zai iya zaɓar kaza, amma miyar da ke kanta da manteca aka tashe ta. Kada ka tsaya kan tambayar "akwai alade?" Ma'aikacin zai kalli naman ya ce babu, kuma bai yi maka ƙarya ba. Ka ce masa "manteca de cerdo", ka nuna kowane abinci ɗaya bayan ɗaya, ya shiga kicin ya tambayo. Manyan gidaje da yawa sun koma man gyaɗa ko wani man tsiro, amma sai an tambaya ake sani.

Giya kuma: frijoles borrachos da barasa ake dafa su, sunan ma yana nufin waken da ya bugu. Duk inda ka ga tequila ko mezcal, giyoyin Meksiko, a bayanin miya ko kayan zaƙi, to an zuba. Kek ɗin tres leches wasu na ɗiga masa rum.

Barbacoa a tsakiyar Meksiko, musamman jihar Hidalgo, naman tunkiya ne da ake naɗewa cikin ganyen maguey, wani tsiro mai manyan ganyaye masu kauri, a dafa a rami. Birria ta Jalisco asalinta naman akuya ce. In kuma yankan ne damuwarku, ku tsaya kan kifi: pescado zarandeado da ake tsagawa a gasa kan garwashi, ko pescado a la veracruzana mai tumatir da zaitun, sai dai shi wannan a tambaya ko an sa farar giya.

Shawara mafi amfani: ku kira su kwana biyu kafin ranar ku faɗi abin da ba kwa ci. Mole ba a daren ake haɗa shi ba, don haka ba yadda za a cire masa wani abu bayan kun zauna.

Hajiya Mai Yaji:
Malam Kuku ya gama da wancan ɓangaren. Bari in ɗauki na barkono, don mutane na shiga da tsoron da bai kai haka ba.

Mafi yawan abincin da ke fitowa daga kicin ba shi da zafi sosai. Zafin yana cikin salsa, ƙananan kwanonin miyar da ake ajiyewa a tsakiyar tebur, kai ne za ka zuba da hannunka. A ma'aunin zafin barkono na Scoville, poblano bai cika wuce 2,000 ba, jalapeño yana tsakanin 2,500 da 8,000, serrano ya ɗara shi, habanero kuwa daga 100,000 zuwa 350,000. Kada launi ya ruɗe ka, koriyar salsa tana iya fin ja zafi. Ka ɗiga ɗigo ɗaya a gefen tortilla, ka ɗanɗana, ka jira kamar daƙiƙa 20, saboda zafin habanero a hankali yake tasowa. In bakinka ya kama, ruwa ba ya kashe shi, yaɗa shi ma yake yi, don sinadarin zafin a maiƙo yake narkewa. Ka nemi crema, wato kirim ɗin madara, ko cuku, ko ka ci fiya.

Busassun barkono kuwa don ƙamshi ake sa su. Ancho busasshen poblano ne, yana da ɗan zaƙi kamar busasshen inabi. Chipotle jalapeño ne da aka busar da hayaƙi.

Ku yi hattara da aguachile. Ɗanyen jatan lande ne irin na Sinaloa, a cikin ruwan lemun tsami da ɗanyen barkono, kuma shi da gaske yake da zafi. Lemun tsamin yana sa naman ya yi fari kamar ya dahu, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda wuta ke yi. Mai juna biyu da mai raunin garkuwar jiki su bar shi, su bar ceviche ma, wato ɗanyen kifi a ruwan lemun tsami.

Abin sha ba matsala. Agua de jamaica jiƙon zoɓo ne, tamarindo na tsamiya, horchata kuma na shinkafa da kirfa, ita ce ta fi kwantar da harshe.

Ɗan Masara:
Ni dai roƙona ɗaya, ɗan'uwa: kada ku cika ciki da soyayyen tortilla da guacamole (dakakken fiya) kafin ainihin abincin ya iso. Abin da ya raba babban gida da na gama-gari masara ce da mole.

Gidan kirki da kansa yake dafa busasshiyar masara da farar ƙasa ta girki, a bar ta ta kwana a ruwan, a wanke, a niƙa ta zama ƙullun da suke kira masa. Wannan dahuwar ce ke saɓule ɓawon, ta sa ƙullun ya kama jikinsa, ta kuma saki sinadarin niyasin yadda jiki zai amfana. Tortilla mai kyau za ta zo da ɗumi a naɗe cikin tsumma, da ɗigo-ɗigon ƙuna daga kasko, in ka lanƙwasa ta ba ta karyewa. In ta tsage ko ta yi ɗanɗanon takarda, ta kwana ko ta sha iska. Ku riƙa rufe tsumman bayan kowa ya ɗauka, minti biyar a buɗe ya isa ta bushe. Mai launin shuɗi ba rini ba ne, irin masarar ne haka.

Mole kuwa miya ce mai kayan haɗi da kan kai 20 zuwa 30: barkono iri-iri, riɗi, gyaɗa ko almon, kayan ƙamshi, da ɗan cakulan a wasu nau'o'in. Mole poblano na Puebla ne, mole negro na Oaxaca. Baƙin na negro daga gasa barkono har dab da ƙonewa yake fitowa, kuma nan gwaninta take, don in an wuce da kaɗan sai ɗaci ya mamaye tukunyar. Mai rashin jituwa da gyaɗa ko riɗi ya faɗa tun farko. A gidan Pujol na Enrique Olvera da ke birnin Meksiko, wanda ya samu taurari biyu na Michelin, lambar yabon gidajen abinci, a 2024, suna kawo mole shi kaɗai a faranti, sabo a tsakiyar tsoho wanda ake ta ɗumamawa ana ƙara masa shekara da shekaru, sai tortilla a gefe. Da tortilla ake dangwalarsa, haka ma taco da hannu ake ci ko a gidan da ya fi kowane tsada.

Lissafin mutum huɗu: ƙananan faranti uku ko huɗu na rabawa, manya uku, kayan zaƙi biyu. Taco a irin waɗannan gidaje ƙarami ne, loma biyu zuwa uku, ku tambayi guda nawa ke zuwa a faranti. In gidan na da jerin ɗanɗano na kuku, faranti bakwai ko fiye a jere, ku ware awa biyu zuwa uku, kuma galibi sai duk teburin ya yarda ake kawowa.

Kukun Dare:
Ƙarin bayani kaɗan. In kun ga chapulines fara ce, escamoles tsutsar tururuwa, huitlacoche kuma wata baƙar fumfuna da ke fitowa jikin masara, tana da ɗanɗano irin na laimar kwaɗi, wato mushroom. Wasu gidajen na barbaɗa garin fara ko na tsutsar maguey a gishiri da salsa, wanda bai so ya tambaya.

Tukwici a Meksiko kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne, a Amurka 18 zuwa 20. Ku duba takardar kuɗin kafin ku ƙara, wani lokaci sun riga sun sa shi a ciki.

Baƙon Tebur:
Allah ya saka da alheri. Gobe zan kira su in tambayi batun manteca a mole da wake. In sun ce da mai suke yi, mole negro da gasasshen kifi za mu nema.